Uwar Ɗakina Ta Fara Mantuwa, Ni Ce Ke Rufa Mata

Gwaggo, ki taimake ni da shawara don Allah. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, ko mijina ban iya buɗe masa baki ba.

Ni mataimakiya ce ta musamman ga shugabar wani kamfanin jigilar kaya, Hajiya muke ce mata. Ina yarinya ɗanya ta ɗauke ni, ko amsa waya ban iya ba, yanzu ga shi babbar 'yata ta kusa gama sakandare. Teburina yana bakin ƙofarta, gilashi ne kawai tsakaninmu. In tana nemana ba ta kira, zobenta take ƙwanƙwasawa a jikin gilashin.

Gwaggo, da kin san Hajiya a da! Direbobinmu kaf ta san sunayensu, ta san na 'ya'yansu. Tana tafe a baranda tana faɗa min wasiƙa, ni ina binta da gudu ina rubutawa, kuma ko kalma ɗaya ba sai an gyara ba. Faɗa kuwa na sha shi har na ƙoshi. Amma ranar da mahaifina ya rasu, ita ta tuƙo ni da kanta zuwa gida, ta zauna kan tabarma cikin dangina kamar yayar mahaifiyata.

Tun bara abubuwa suka fara canzawa. Sai ta tambaye ni abu, in ba ta amsa, kafin shayinta ya huce ta sake tambaya. Na ce gajiya ce. Sai wata rana manajan banki ya zo, ta tare shi da fara'a tana tambayar lafiyar matarsa, alhali ni da Hajiya muka je masa ta'aziyyar matar. Bawan Allah ya sunkuyar da kai, ni kuwa na yi maza na zubar da ruwa a kan tebur don a bar zancen.

Daga nan na shiga rufa mata. In baƙo zai shigo, in raɗa mata sunansa da abin da ya kawo shi. Taro mai tsawo in ce tana da uzuri. Saƙonni da yawa ni nake amsawa da irin lafazinta, har yabonta ake yi wai har yanzu kaifinta na nan. Makon jiya kuma ta amince wa wani ɗan kwangila ta waya da sharuɗɗan da ta ƙi da safiyar ranar. Da ƙyar na warware, na ce kuskurena ne.

Ɗanta shi ne mataimakinta, kuma ya daɗe yana hangen kujerar. Ina tsoron in ya ji, a ranar zai sa a sauke ta a kai ta gida. Kamfanin nan da mota ɗaya ta fara shi, in aka raba ta da shi ban san me zai rage mata ba. Tana da 'ya ma, malamar makaranta, mai sanyin hali, amma ba ta shiga harkar kamfani.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wasu ranakun tana dawowa garau. Kwanan baya ta yi min tas a kan wani harafi da na tsallake, da muryarta ta da, har da cire tabarau. Na shige banɗaki na yi kuka don daɗi. Kullum da safe in na ji takunta a matakala sai in yi ta fatan Hajiyar da ce za ta shigo. Kewarta nake yi, ga ta kuma a gabana. Ranar nan ta dube ni ta ce kwana biyu ina yawan tsayawa a bayanta, ko lafiya? Na ce lafiya lau.

In na yi magana na ci amanarta, in na yi shiru ban san inda za mu kwana ba. Ya zan yi?

Mai Zaman Bakin Ƙofa

'Yata,

Na karanta wasiƙarki har sau biyu. Abin da kike yi ƙauna ce, ba wanda zai ce ba ita ba ce. Amma ki duba inda ta kai ki: yau ke kike zaɓar wanda zai gan ta, ke kike magana da bakinta, ita kuwa ba ta sani ba. Matar da kika kwatanta min ba za ta yarda a tafiyar da ita haka ba. Ga direbobi da iyalansu da suka dogara da kamfanin, ga ke kanki, da kika fara ɗaukar laifin da ba naki ba. Kuskure na gaba zai iya fin ƙarfin ki warware.

Tsoronki game da ɗanta ban raina shi ba, shi ya sa ba shi za ki fara tunkara ba. Ita za ki fara gaya wa. Ta riga ta tambaye ki ko lafiya, kuma ina zaton ta fi ki sanin akwai abin da ke faruwa, tana jiran wanda zai yi ƙarfin halin faɗa ne. Ki zaɓi safiyar da take garau, ki rufe ƙofa, ki kawo mata misali biyu, na manajan banki da na ɗan kwangila. Ki faɗi abin da kika gani kawai, kada ki raɗa wa ciwon suna. Mantuwa tana da dalilai da yawa, wasu ana maganinsu, kuma likita ne kaɗai zai tantance. Duk watan da kika ƙara kina rufewa, jinkirta mata ganin likitan kike yi.

Ki tambaye ta wa take so ya sani a gida. In ta yi fushi ta kore ki daga ofis, ki fita, ki dawo da zancen bayan kwana biyu. In ta ƙi sam, ki gaya mata a fuskarta cewa za ki nemi 'yarta, sannan ki neme ta. Kafin nan ki daina amsa saƙo da sunanta, ki kuma ba ta shawarar kada a ƙulla wata kwangila ta waya sai a rubuce, da sa hannun mutum biyu.

Ban yi miki alkawarin waccan Hajiyar za ta dawo ba. Amma tana da ranaku masu kyau yanzu, kuma da su za ta iya tsara wa kamfaninta makoma da bakinta, ta sauka da mutuncinta in sauka ta zo. Kada ki bari su ƙare kina tsaye a bayanta. Ki zagayo gabanta ki zauna.

Mijinki kuma ki gaya masa yau, kayan nan sun yi wa mutum ɗaya nauyi. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa ta saurare ki.

Gwaggonku