Hannun Wandel

Alhamis, 19 ga Oktoba

An buɗe kakar besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda. Sunan ƙungiyarmu dai Zakaru, amma duk wanda ya ga atisayenmu ya san kaji ne. Shekarata talatin da ɗaya ina tsugune a gefen fili ina cafe wa masu jifa ƙwallo kafin su shiga wasa, ban taɓa ganin tarin ragwaye irin na bana ba.

Ga kuma sabon kaya da aka kawo mana: Wandel Cuevas. Shekara tara yana jifa a Amurka, yanzu wai ya dawo ya ceci garinsu. Sarƙar wuyansa ta isa ɗaure saniya. Ya jefo mini goma, kowace ta faɗo cikin safar hannuna kamar nunannen mangwaro.

"Yaya ka ji ta, tsoho? Wuta ko?"

Na ce na ji.

Lahadi, 22 ga Oktoba

An ci mu tara da biyu.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ranar mai ceto. Ko zagaye na biyu bai gama ba, sau uku ana buge ƙwallonsa ya tsallake katanga, ɗaya har cikin gonar rake. Koci Radhamés ya je ya karɓe ƙwallon daga hannunsa, 'yan kallo suna jifa da ɓawon lemo. Wandel ya ce wai tudun da ake tsayawa a yi jifa ne bai daidaita ba. Wai alƙalin wasa makaho ne. A Amurka, in ji shi, da ma'auni ake gyara tudu. To ka koma mana.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Nasara huɗu cikin goma sha biyar. Yeison, wanda muke taƙama da bugunsa, sau huɗu ya ɗaga sanda yau, sau huɗu ya bugi iska. A wurin shinkafa da wake kuwa ba ya kuskure.

Ina ba matata Casilda labarin Wandel tana soya agade, sai ta ce, "Femio, ka fi ambaton mutumin nan fiye da jikokinka. Don shi ya je can kai ba ka je ba?"

Shekara talatin da huɗu da aure, har yau ba ta san lokacin yin shiru ba. Gwiwa ce ta hana ni tafiya. Kowa ya sani.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na je fili da wuri, na tarar da Wandel shi kaɗai a ɗakin sauya kaya yana kokawa da riga. Hannun dama ya ƙi ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Da hagu ya kama shi ya cusa a hannun rigar, kamar mai sa wa gawa tufafi. Gumi sharkaf.

"Ba ka ga komai ba, Don Femio."

Yau na zama Don, mai girma ke nan. Jiya tsoho ne.

Ashe korarsa aka yi a can. Akwai wani mai neman 'yan wasa daga Japan da zai zo a Disamba, shi ne fatansa na ƙarshe. Shekararsa talatin da shida, in ba jifa ba bai iya komai ba. Ya ce ya ji ni ne na koya wa mutane da yawa sanyayyar jifa, wadda ke fitowa kamar da gudu sai ta iso a makare.

Na ce wanda ke da wuta me zai yi da sanyi? Ya sunkuyar da kai. Na ce gobe ƙarfe tara, kuma ya bar sarƙar a gida. Ba don shi ba. Na gaji da kallon abin kunya ne.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Kan nan kamar kwakwa. Kwana biyar ina gyara masa yatsu.

Radhamés ya tare ni: "Femio, kai kake cafe masa. Hannunsa lafiya?"

Na ce hannunsa na jikinsa. Wannan ai ba ƙarya ba ce. In ta fito na ɓoye, na san a bakin aikina.

Lahadi, 3 ga Disamba

Zagaye shida Wandel yana jifa, maki ɗaya tak aka ci shi. Manyan ƙarti suna kaɗa sanda ƙwallon bai ma iso ba. Mun ci wasan.

Litinin, 4 ga Disamba

Jarida. Wai jifar nan wani sirri ne da ya taho da shi daga Amurka. Ga hotonsa yana washe baki. Ɗan banza. Casilda ta naɗe kifi da shafin, daidai ke nan.

Lahadi, 17 ga Disamba

Wandel ya ci wasa uku a jere. Har Yeison ya tuna amfanin sanda. Muna na biyar, huɗun farko ke wucewa gaba. Bayan kowane wasa sai Wandel ya tsoma gwiwar hannun a bokitin ƙanƙara yana cije tawul. Na ce masa abin nan zai tsinke. Ya ce ya tsinke bayan Asabar.

Asabar, 23 ga Disamba

Wasan ƙarshe, da rana tsaka, fili ba masaka tsinke. In mun ci mun wuce. Mutumin Japan yana zaune a layin gaba da ɗan littafinsa.

Zagaye shida ba wanda ya taɓa ƙwallon Wandel. Muna gaba da ɗaya. A na bakwai Yeison ya saki ƙwallon da jikata 'yar shekara shida za ta cafe, mutum biyu nasu suka samu shiga, suna jiran bugu ɗaya su ci maki. Wandel ya dubi mai littafin. Tun daga inda nake na san abin da zai yi. Wawa. Ya bar sanyayyar, ya tattara ƙarfinsa duka don ya nuna har yanzu da wuta.

Ƙwallon ko rabin hanya bai kai ba. Ya durƙusa rungume da hannu. Mutumin ya rufe littafinsa ya tashi. Wanda ya canji Wandel ya ba da maki biyu, aka ci mu biyu da ɗaya.

A ɗakin sauya kaya likita ya ce jijiyar ta daɗe da lalacewa, ba yau ba. Radhamés ya juyo kaina, ido jajur: "Ka sani, Femio?"

Na buɗe baki. Wandel ya riga ni, daga kan gadon likita:

"Wannan tsohon? Ƙwallo ma da ƙyar yake gani. Ni na ɓoye wa kowa, har shi."

Aka yi 'yar dariya. Radhamés ya ƙyale ni. A gaban kowa ya ce ba na gani. Ni.

Talata, 26 ga Disamba

Ban taɓa naman Kirsimeti ba. Ciwon ciki ne.

Juma'a, 29 ga Disamba

Na shiga babban birni, hanya ta biyo da ni ta asibitin da aka yi masa aiki. Casilda ce ta matsa in kai masa farfesun kaza, awa biyu a bas yana ƙona mini cinya. Ba kowa a ɗakin. Duk masu ɗaukar hoton nan ko ɗaya.

Yana sha da hagu yana zubarwa a zanin gado, dole na riƙe masa kwanon. Ya ce, "Don Femio, da na ci gaba da sanyayyar jifar taka, da mun wuce ko?"

Na ce da mun wuce. Na ce shi wawa ne. Na ce kuma zagaye shidan nan, to, na ga waɗanda suka fi su muni.

Ranar Alhamis za a sallame shi, ba zai iya tuƙi ba, ba shi da mai ɗauko shi. Ba ruwana. Na dai tambaya a tasha, sun ce bas ɗin farko ƙarfe shida yake tashi.