Rabin goron Hajiya Memuna

Asabar, watan Yuli, Landover

Yau ma ban kai taron marubuta ba, bas ɗin ya ƙi zuwa. Zafin bana ya wuce misali, kuma tasharmu ba rumfa, ba inuwa. Unguwannin masu motoci ake dasa wa itatuwa, mu sai dai mu sha hayaƙinsu.

Hajiya Memuna, 'yar Kumasi mai aikin jinyar tsofaffi, tana gefena tana fifita da kwali. Ta ce, "'Yata, me kika rungume haka?" Na ce labari ne na rubuta. Ta ce in karanta mata.

Na ji tsoro, don labarin mata biyu ne masu son juna, kuma ban taɓa karanta shi a gaban mai jin Hausa ba. Na dai karanta.

Da na gama, sai ta ɓara goro, ta miƙo min rabi. Ta ce, "Ban san me zan ce miki ba. Amma ki saya musu mota a labarin, kada su ma rana ta gasa su."

Na kasa cin goron. Ga shi nan kan tebur, ina ta kallonsa.