Na daina kallon kyamara

Osaka, 9 ga Maris

Yaya Mi-ran,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya a Mokpo. Yaya gwiwar Mama? Kimchin da kika aiko, kabejin nan mai tsami da yaji, ya iso, na gode.

Ni lafiya lau nake. Maƙogwaron ne dai har yanzu, likita ya ce in manta da waƙar rok. Na sayar da jitar, na aske sumar da Mama ta tsana.

An ba ni matsayin masunci a fim. Kin san shekara ashirin ina kan dandamali ina neman idon jama'a, to a nan ma idona sai ya koma kan kyamara. Jiya sau goma sha ɗaya ana tsayar da aiki saboda ni. Darakta ya ce, "Dae-ung, budurwarka ce a ciki? In ka ƙara gobe, ka tattara."

Yau ban ƙara ba. Ragar hannuna na kalla, kamar yadda Baba yake yi in yana kamun kifi, har aka gama.

Kada ki ce in dawo, ba zan dawo ba tukuna. Ki gaya wa Mama ta gyara tabaronta. Ta toshe kunne ina waƙa, amma wannan karon sai ta kalle ni.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Dae-ung