Bar Shi, Ai Na Yi Maka

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka tashi lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya hannun da ƙafar? Ina gaida Yaya da iyalinsa. Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Baba, yau mako bakwai ke nan ba ka ɗaga wayata ba. Yaya ya ce da ka ga sunana sai ka kife wayar a kan gado. To na koma takarda, tunda idonka ras yake, kuma ban taɓa ganin ka bar rubutu a gabanka ba ka karanta ba, ko da na jikin kwalin magani ne.

Na san laifina. Makullin akwatin kayan gyaran agogonka ne, kuma yana nan cikin jakata. Ba zan ɓoye maka ba, ba ni da niyyar mayar da shi yanzu. Ni na goge jinin da ya zuba a ƙarƙashin tebur ranar da sukudireba ta zame ta soke ka a cinya. Wata huɗu kacal da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ko cokali ba ya ɗagawa, ka ce sai ka buɗe bayan agogo da hagu? Ka yi fushi da ni, na yarda, amma ka yi shi da jikinka lafiya.

Bari in ba ka labarin aiki, ko ka yi mini dariyar da ka saba. Har yanzu wasan kwamfutar nan muke haɗawa, wanda ka ce manya da gemunsu sun rasa sana'a. Na ban tsoro ne. Mai wasa zai farka a cikin wani gida, ya nemi hanyar fita, ni kuma aikina in ƙirƙiro mugun da ke cikin gidan. Ba mai wuƙa da jini ake so ba. Ana son wanda zai shiga ran mutum ya zauna har bayan ya kashe kwamfuta.

Na zana dodanni goma sha ɗaya: mai dogayen hannuwa, mara fuska, mai tafiya da baya. Muka kawo masu gwaji, muka zaunar da su a ƙaramin ɗakin da muke kallonsu ta gilashi. Wata ta yi hamma. Wani ya ce mara fuskar kamar dankalin da aka fere. Oga ya ba ni mako uku, ko in kawo abin kirki ko ya ba wani aikin. Ba zan saki ba. Taurin kan nan a gidanku na ɗauko shi.

Ka sha magani a kan lokaci. Na ce wa Yaya ya riƙa ɓalle maka shi daga kwali.

Taka,
Sarkin Gaggawa

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar jiki. Yaya ya ce ka karanta waccan sau biyu, ka ninke ka sa a ƙarƙashin matashin kai. Na ji daɗi.

Na samo mugun, Baba, kuma a wurinka na samo shi. Na zauna ina tambayar kaina yaushe na taɓa ganin tsoro na gaske a idon mutum. Sai na tuna kwanakinka na asibiti. Ba ka ji tsoron allura ba, ba ka ji tsoron hoton ƙwaƙwalwa ba. Amma akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa da fara'a, ta ɗaga kanka ta gyara matashi, ta goge maka baki, ba ta tambaye ka ba. Duk sanda ka ji takunta sai in ga idonka ya canza.

Daga nan na gina ta. Mun sa mata suna Mai Kula. Ba ta da haƙora, ba ta bin kowa da gudu. Mace ce mai tsafta da taushin murya. Mai wasa yana da madannai shida a hannunsa: na tafiya, na buɗe ƙofa, na ɗaukar abu, na zaɓen abin da zai faɗa, da sauransu. In ya ɗan sha wahala wajen buɗe wata ƙofa, sai ta bayyana ta buɗe masa, ta ce, "Bar shi, ai na yi maka." Zai ji daɗi. Amma daga nan madannin ƙofa ya mutu, sai dai ya jira ta. In ya tsaya zaɓen magana, ta ce, "Na san abin da za ka ce," ta faɗa a madadinsa. Haka za ta yi ta yi masa alheri har ya ƙare a kujera a bakin taga, ba abin da ya rage masa sai kallo.

Dogo, mai rubuta mana umarnin kwamfuta, ya haɗa ta cikin kwana huɗu. Ba mu samo mai yin murya ba tukuna, sai Mai Sauti, wato mai haɗa mana sautin wasan, ya tura ni ɗakin ɗaukar murya na karanta maganganun da kaina, na wucin gadi. Ko takarda ban duba ba, suka yi ta zubowa.

Jiya aka yi gwaji. Ba wanda ya yi hamma. Mai maganar dankali ya yi ta danna mataccen madanni har na ji ƙararsa ta gilashi. Wata ta cire abin ji daga kunnenta, ta fita ta tsaya a baranda. Oga ya ce kada a canza muryar, tawa ta yi. Na ci, Baba.

Na ce wa Yaya ya daina barinka kana sauka tsakar gida kai kaɗai, matakalar nan ba ta da mariƙi.

Taka,
Sarkin Gaggawa

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida duka. Ka taɓa ƙasan ambulan kafin ka ci gaba, akwai abu mai nauyi a ciki.

Shekaranjiya da rana muna shan shayi, na ba Mai Sauti labarin mai jinyar nan, ina alfahari da inda na samo Mai Kula. Teburinsa yana jikin nawa, allo kawai ya raba mu. Ya yi ta juya cokali a kofi, sannan ya ce in gafarce shi, shi bai san wata mai jinya ba. Ya ce maganganun nan ya san su tun kafin in shiga ɗakin ɗauka, domin wata da watanni yana jin ina faɗa maka su a waya. Ya ce yakan ji na yi tambaya, kafin a ƙirga uku na amsa da kaina.

Na ji haushi ƙwarai. Na gaya masa ya iya bakinsa, bai san abin da ake nufi da ganin mahaifinka a kwance ba. Na ɗauki jakata na fita, na zagaya titin bayan ofis sau biyu. Da na dawo sai na shiga ɗakin gwaji, na sa hannun dama a aljihu, na fara wasan da hagu.

Ƙofar farko ta ba ni wuya. Na kusa buɗe ta, saura kaɗan, sai na ji muryata a kunnena tana cewa in bar shi. Baba, ni na rubuta ta, na san ta inda za ta fito, amma sai da na tsorata. Kuma ba tsoro kaɗai na ji ba. Ji na yi kamar in shaƙe ta. Da na ƙare a kujerar bakin taga, sai na ga kujerarka ce na zana, har da yagewar da ke hannunta na hagu. Ban san na yi ba.

Na zauna na lissafa. Maganinka, ni na sa a ɓalle maka. Matakala, ni na hana. Abokan sana'arka da ke zuwa hira, ni na ce su rage don kada ka gaji. Maganarka, ni ke ƙarasawa. Sai makulli. Mai jinyar nan kwana tara ta yi da kai, ni na yi wata shida. Na ji kunya, kuma na yi kuka.

Ga makullinka. Tsoron da nake ji bai tafi ba, har yanzu ina ganin jinin nan. Amma tsorona ne, ni zan riƙe abina.

Akwai kuma wata matsala. Wasan ba shi da ƙarshe, domin ban tanadi yadda za a ci galabar Mai Kula ba. Oga ya ce a bar shi haka, ya fi ban tsoro. Na ce ban yarda ba. Ranar Asabar zan zo da na'urar ɗaukar murya. Akwai magana ɗaya da nake so mai wasa ya faɗa mata, kuma muryarka nake so. In ba ka so, ka ce a'a. Zan tsaya in ji a'ar daga bakinka.

'Yarka mai neman gafara,
Sarkin Gaggawa

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya. Ina fatan gajiyar ranar Asabar ta sake ka. A gaida Yaya, a ce masa ya kira kafinta ya sa wa matakala mariƙi, ka sauka duk sanda ka ga dama.

Kana wurin, amma akwai abin da ba ka gani ba. Lokacin da na kunna na'ura ka fara faɗin "Bari, ni zan yi," a kan hannuwana na zauna. Ka maƙale a kalma ta biyu, leɓenka yana rawa, sauran maganar tana bakina kamar garwashi. Na ciji harshe har na ji gishirin jini. Daƙiƙa arba'in da ɗaya ka ɗauka. Kai da ka yi shekara arba'in kana auna daƙiƙa, ka san ba kaɗan ba ce.

Mai Sauti ya so ya yanke shirun da ke tsakani, na hana shi. Yanzu haka ƙarshen yake. A kujerar taga, madannin magana zai ɗan farfaɗo. Sai mai wasa ya danne shi bai saki ba har daƙiƙa arba'in da ɗaya, muryarka tana fitowa a hankali, Mai Kula tana gefe tana lallashi ya huta. In ya saki, ta ƙarasa masa. In ya jure, sai ta yi shiru ta ja da baya, ya tashi ya buɗe ƙofar da kansa. Ban kashe ta ba, Baba. Tana nan tsaye a cikin gidan, ta haɗe hannuwanta. Masu gwaji bakwai cikin goma sun saki a karon farko, kuma dukkansu sun nemi a sake ba su. Oga ya gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinsa yabo ne.

Agogona da ka karɓa ka ce yana gudu fiye da kima kamar mai shi, ba na sauri. Ya yi wata uku a wurinka in ya so. Na ga yadda ka danne shi da mataccen hannun, ka riƙe hantsaki da hagu, ban ce uffan ba.

Saura abu ɗaya. Ƙaramin sukurun nan da ya faɗi kana ta lalube a kan tebur, na ga inda ya gangara. Na bar ka kana nema na fita, kuma wannan ya fi cizon harshe wuya. Ban gaya wa Yaya ba, ba kuma zan rubuta a nan ba. In ka samo shi da kanka, madalla. In kana so in faɗa, ka kira ni. Zan ɗaga, in yi shiru, har ka gama tambayar.

Taka har kullum,
Sarkin Gaggawa