Bututun da Na Sa wa Motarka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Wudil lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, na yi wa babbar motarka karambani. Wani makanike ya ce in injin ya shaƙi iska mai sanyi zai ƙara ƙarfi, ya rage shan mai. Na bari ya cire matatar iska, ya zura bututu ta ƙasa. Ƙara kawai ta ƙaru, shan mai yana nan yadda yake. Ran Juma'a, dawowa daga Utai, na ratsa kududdufi, bututun ya zuƙi ruwa. Har yau ta ƙi tashi, ni ma abinci ya ƙi shiga.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara. Baba yana zaton hutawa nake yi.

Ƙaninka,
Garba