Ni Na Ce A Toshe Musu Intanet

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya kwas, yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu suna gaishe ki. Sun ce girkina ya fara gyaruwa, amma na lura kullum da yamma sai sun leƙa gidan Goggo.

Kin ce in daina cika miki waya da dogon surutu, to ga takarda, ki karanta in kin huta.

Kin san zauren da nake koyarwa, na ƙasan bene, inda sabis ba ya shiga sai intanet ɗin makaranta. Na gaji da yi wa tsakiyar kawuna lakca. Kowa ya sunkuya, yatsa na ta sintiri a kan waya. A taron malamai na miƙe na ce a toshe wa wayoyin ɗalibai intanet lokacin darasi. Na ɗauka za a yi ta jan maganar kamar kullum, sai shugaban sashe ya ce a gwada a zaurena, a kaɗa ƙuri'a tsakiyar zango.

An toshe. Wallahi na ga fuskokin da ban san a ajina suke ba. Wasu dai barci suka koma yi. Amma wani ɗan kujerar baya da suke kira Dogo ya biyo ni har mota yana godiya, wai tun shigowarsa makarantar nan bai taɓa jin lakca daga farko har ƙarshe ba, kullum ƙwallo yake kallo. Ranar har waƙa na yi a hanya.

Ki kula da kanki.
Mijinki.

Maman 'Yan Biyu,

Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni kam kaina ya kulle.

Akwai wata yarinya mai farin tabarau da ke zama a layin gaba. Ta fi kowa ci a gwaji, ta kuma fi kowa manne wa waya, har na sha yi mata faɗa. Gwajin da muka yi bayan toshewar ta faɗi warwas. Na kira ta ofis na fara yi mata nasiha ina neman takardarta a cikin durowa, sai ta ce, "Malam, don Allah ka juyo, in ba na ganin bakinka ba na gane abin da kake faɗa."

Ashe zazzaɓi ya tafi da yawancin jinta tun tana sakandare. Wayar nan da take ajiyewa a kan tebur, maganata take ɗauka tana rubuta mata, kuma sai da intanet take yi. Ba wanda ya sani a ajin, ko ƙawarta.

Na ruga wurin injiniyan makaranta, ya ce buɗe wa waya ɗaya ba wuya. Ban san wa ya ji mu ba. Washegari na tarar da layin ɗalibai a ƙofar ofis, kowa na so a buɗe wa tasa wayar. Wannan matarsa ta kusa haihuwa, wannan ta bar jariri wurin maƙwabciya, wannan ƙamus yake dubawa. Wa zan gaskata? Duk fuskarsu ɗaya. Dogo kuma ya tsaya gefe yana roƙona kada in buɗe, wai ya san halinsa.

Ita kuwa yarinyar da na kai mata albishir, kuka ta sa. Ta ce in wayarta kaɗai ke aiki, kafin a tashi kowa ya san dalili, kuma gara ta bar kwas ɗin da a riƙa yi mata magana da hannu ana tausaya mata. Na ce to me take so in yi? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ke da kike warware rigimar 'yan biyu da kallo ɗaya, ki gaya mini. In na buɗe na cuci Dogo da ire-irensa, in na bari na kori wadda ta fi kowa son karatun.

Mijinki da ya rasa ta cewa.

Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa da kewa. Na ga amsarki. Kin ce in bi abin da zuciyata ta natsu da shi. Matsalar ke nan, ba ta natsu da komai ba.

An yi ƙuri'ar. Da aka ce masu son a toshe, na ɗaga hannu. Da aka ce masu son a buɗe, sai na ga hannuna ya sake tashi. Shugaban sashe ya cire tabarau ya tambaye ni ko lafiya. Na ce ina da dalili amma ba ni da izinin faɗa, aka yi dariya aka soke ƙuri'ata. Masu toshewa suka yi rinjaye, har da jinjina mini a matsayin wanda ya kawo shawara. Har yau ban san ko daidai aka yi ba.

Yarinyar ba ta bar kwas ɗin ba tukuna. Yanzu ina ba ajin duka rubutaccen darasi kafin mu fara, kada a ce don wani na yi. Na daina magana ina fuskantar allo. In na rubuta sai in juyo in maimaita a hankali, har ɗalibai sun fara kwaikwayona a baranda. Duk da haka rabi take kamawa. Da na matsa mata da tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce gashin bakina yana rufe mata leɓena.

Saboda haka in kin sauka a tasha ranar Asabar, kada ki wuce wani mutum mai fuska fayau riƙe da hannun 'yan biyu. Na san kin ce saboda gashin bakin nan kika aure ni. Ki yi haƙuri, zai tsiro in zango ya ƙare.

Naki har kullum,
Baban 'Yan Biyu.