Kwano Uku, Ciki Ɗaya

Uwar yarana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya, kuma Auta da jaririnta suna ƙara ƙarfi. Ki yi haƙuri da girman haruffan nan, yanar idon ce ta ƙara kauri.

Na je asibiti ranar Litinin. Likita ya ce ba zai taɓa idon ba sai suga ya sauka, ya ba ni sati uku. In bai sauka ba, layi ya wuce ni sai baɗi. Ya tambayi abin da nake ci da dare, na ce ɗan abu kaɗan. Ya dubi takarda, ya dubi tumbina.

Ga abin da ban gaya masa ba. Kafin ki tafi kin roƙi Yaya ta riƙa aiko mini da abincin dare. Kin roƙi surukarki. Ashe matar tela ma kin tsaya a ƙofarta kin ce a kula da tsoho. Babu wadda ta san da 'yar'uwarta. Kwano uku ke nan kullum. Kin san Yaya, in ta ga saura sai ta ce dama tun muna yara na raina girkinta. Surukarki kuwa baƙuwa ce har yanzu, kunya za ta kama ta. Don zaman lafiya nake share su tas.

Ki shafa mini kan yaron.

Mijinki, tsohon direba.

*

Uwar yarana,

Ina gajiya, ya mai jego? Na ga amsarki, faɗan ma ya iso lafiya.

Na ɗora wa mata uku laifi, alhali rabinsa nawa ne. Kwano ɗaya nake ci da yamma, biyun in sa a firji. Ƙarfe biyun dare sai ido ya buɗe, lokacin da na saba tayar da mota shekara talatin. Da kina nan, gyaran murya kawai kike yi in koma in kwanta. Yanzu in na miƙa hannu na ji gefenki da sanyi, sai in tsinci kaina gaban firji, cokali a hannu, ba yunwa ba komai.

Na ɗaure firjin da tsohuwar sarƙar mota, na sa kwaɗo, na kai wa maigadin kantin da ke kallonmu makulli. Na ce ko kuka na zo ina yi kada ya ba ni. Dare na biyu sai ga ni a gabansa da silifas wari da wari. Ya matsa mini a benci ya ce, "Baba, makulli dai babu. In hira ce, zauna."

Na zauna. Na ba shi labarin hanya har barci ya zo da kansa. A nan na gane bawan Allah da busasshen burodi yake kwana.

Ki gaida Auta.

Mijinki.

*

Uwar yarana,

Da fatan kuna lafiya kamar yadda nake.

Yanzu tun da yamma nake kai wa maigadi kwano biyu. In na farka sai in tsallaka da ruwan zafi a kofi, yana ci ina surutu. Kwanuka na komawa fes, kowa na murna, har idon nan ya tona mini asiri: na mayar wa Yaya da kwanon matar tela.

Yaya ta zo da shi a hannu, na shirya wa ruwan faɗa. Da ta ga sarƙa a jikin firji sai ta zauna. Ta ce ko mahaifinmu da ya yi ta fama da ciwon nan bai taɓa ɗaure abinci ba, me ya hana in buɗe baki? Ta tara sauran biyun suka raba kwanaki. Nawa babu mai babu gishiri sosai, na maigadi kuma an ce kada a yanke.

Jiya an gwada jini. Suga ya sauka, aikin ido ranar Alhamis.

Maigadi ya yi kumatu, ya ce in gaya miki kada ki yi gaggawar dawowa. Kada ki saurare shi. Ranar Juma'a za a cire bandeji, kuma shekara biyu ke nan ina jin hararar nan taki a jikina ban gan ta da kyau ba. Ki zo da ita.

Mijinki, mai jiran ki.